Jiki Magayi, Amma Labarin Wa Yake Bayarwa?

Duk lokacin da aka ji motar hukuma ta zo kwashe mabarata daga bakin titi, unguwar nan takan rabu gida biyu. A teburin mai shayi za ka ji wani ya ce, "Gara haka wallahi, sun zubar mana da mutunci a idon Yarbawa, an mai da Bahaushe kamar ba shi da sana'a sai bara." Wani kuma daga ƙarshen benci ya ce, "To, in an kwashe su, ranar Juma'a wa za mu ba sadaka?" Haka aka yi ta yi a 2021, lokacin da gwamnatin Oyo ta ɗebe su daga titin Jemibewon ta kai su Akinyele. Haka kuma aka sake yi da aka ga waɗansu sun fara dawowa.

Mun daɗe muna jin maganganun nan biyu, har mun ɗauka kishiyoyin juna ne. Amma in aka zauna aka auna su, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Na farko mutuncinsa yake ji, na biyu ladansa yake ji. Makahon da aka ɗora a mota, da gurgun da aka cilla kekensa a baya, babu wanda ya tsaya ya ce, "Su fa, me suka ce?"

Abin da ya sa muka tayar da zancen a wannan fitowa shi ne waɗansu littattafan ƙagaggun labarai da aka rubuta a ƙasashen da Turawa suka yi wa mulkin mallaka, irin waɗanda 'ya'yanmu na jami'a suke karantawa. Duk wanda ya bi su zai lura da abu ɗaya: cike suke da makafi, da guragu, da kurame, da waɗanda aka guntule wa gaɓa. Bahaushe ya ce jiki magayi. Marubutan nan sun yarda da haka, shi ya sa suka ɗora tarihin ƙasashensu a kan jikin naƙasassu. Tambayar da muke son mu tauna tare ita ce: ya halatta mutum ya ɗauki jikin wani ya mai da shi allon da zai rubuta nasa labarin? Tambayar ta hau kan marubutan, ta kuma hau kanmu, mu da ba mu taɓa rubuta littafi ba.

Wanda bai ji an ce tsaya ba

Mu fara da Kenya. A 1967 Ngugi wa Thiong'o ya fitar da littafinsa A Grain of Wheat, wato Ƙwayar Alkama, a kan zamanin dokar ta-ɓaci da Turawan Ingila suka kafa daga 1952 zuwa 1960 don murƙushe 'yan Mau Mau. A farkon littafin akwai wani saurayi, Gitogo, kurma ne kuma bebe, amma ƙaƙƙarfa, yana aikin ƙarfi yana ciyar da tsohuwarsa. Ranar da sojoji suka yi wa ƙauyen ƙawanya, sai ya ruga gida don ya kare uwarsa. Aka daka masa tsawa ya tsaya. Bai ji ba, don ba ya ji. Aka harbe shi ta baya, aka lissafa shi cikin 'yan ta'addan da aka kashe.

Ngugi bai ja labarin da tsawo ba, amma ya ishi mai hankali. Mulkin da aka gina a kan ba da umarni bai tanadi wuri ga wanda ba zai iya jin umarni ba. A ƙauyensu Gitogo ɗa ne, ma'aikaci ne, mai riƙe da gida ne. A gaban bindiga kuwa mutum iri biyu ne kawai, wanda ya tsaya da wanda bai tsaya ba.

Wannan shi ne abu na farko da littattafan nan suke koya mana, kuma gaskiya ne. Mu mun saba in mun ga naƙasasshe mu ce ƙaddara, mu wuce. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta wanke hannun wanda ya aikata. A Kongo, zamanin da Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam ya riƙe ƙasar kamar gonarsa, daga 1885 zuwa 1908, an yi ta guntule hannuwan mutane, har da yara, a kan harkar roba, kuma hotunan suna nan har yau. Mu ma a Arewa kakanninmu ba su manta da ɗiban gwamna ba, lokacin da aka riƙa tara ƙarti daga ƙauyuka ana kai su haƙar kuza a Jos ala tilas, daga 1942 zuwa 1944, don yaƙin da ba nasu ba. Mulkin mallaka da ma'aunin aiki yake auna jikin talaka: buhu nawa zai ɗauka, rami nawa zai haƙa, haraji nawa zai biya. Jikin da ya gaza wannan ma'auni, ko shi mulkin ne ya karya shi, ya zama kaya a wuyan gwamnati.

Adalci ne mu faɗi ɗaya gefen. A wannan zamanin ne aka buɗe asibitocin kutare irin su Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato, waɗanda 'yan mishan suka riƙe tun shekarun 1930. Mutane da yawa sun sami magani a can. Amma a bayan gari aka gina su, kuma tare da maganin aka ƙarfafa wani tunani: cewa mai lalura abu ne da ake tattarawa a kai nesa da ido. Motar da ke zuwa bakin titinmu yau jikar wannan tunani ce.

Tausayin mai iko

Littafi na biyu ya fi na farko ɗaci a gare mu, don ba a kan mugu yake magana ba, a kan mutumin kirki yake magana. J. M. Coetzee, Bature ɗan Afirka ta Kudu, ya rubuta Waiting for the Barbarians a 1980. Labarin wani tsohon alƙali ne a wani garin kan iyaka na wata daula da ba a ambaci sunanta ba. Wani jami'in tsaro, Kanar Joll, ya zo daga babban birni, ya kama makiyaya da masunta, ya gana musu azaba wai suna shirin tawaye, ya tafi. Bayan tafiyarsa alƙalin ya tarar da wata yarinya daga cikin waɗanda aka kama tana bara a titi. An karya mata idon sawu duka biyu, an ƙona mata idanu har ba ta gani sai ta gefe.

Alƙalin ya kai ta gidansa. Kullum dare yana wanke mata ƙafafu, yana shafa musu mai. Wanda ya gani zai ce kai, wannan bawan Allah da tausayi yake. Amma da tafiya ta yi tafiya sai mai karatu ya gane tabon jikinta ne ya dame shi, so yake ya karanta su kamar rubutu, ya san abin da aka yi mata a ɗakin nan, ya sami sauƙin abin da ke cin ransa. Ya yi ta ƙoƙarin tuna fuskarta kafin a azabtar da ita, ya kasa. Har littafin ya ƙare ba mu ji sunanta ba. Shi da kansa ya zo yana zargin cewa tsakaninsa da Kanar Joll ba nisa sosai: ɗaya da ƙarfe mai zafi ya nemi sirrinta, ɗaya da ruwan ɗumi. Da ya ratsa hamada ya mai da ita wurin danginta, ya roƙe ta ta komo tare da shi don ra'ayin kanta. Ta ƙi.

Jama'a, mu dubi kanmu a nan. Akwai makahon da muka shekara goma muna jefa wa kuɗi a ƙoƙo a kan hanyar masallaci. Mu nawa muka san sunansa? Mu nawa muka san garinsu, ko 'ya'yansa nawa, ko ƙyanda ce ta ci idon ko amosani? Hannu yana miƙawa, fuska tana kallon gaba, ana jiran a ji "Allah ya ba da lada" a ƙara sauri. Ba muna cewa sadakar ba ta karɓu ba, wannan sanin Allah ne. Muna cewa akwai tausayin da mai yin sa kansa yake yi wa, wanda ake tausaya wa kuwa hanya ce kawai aka bi ta kansa.

Ranar da ƙoƙo ya yi yaji

In akwai littafin da za a ce a Sabo aka rubuta shi, to na Aminata Sow Fall ne, 'yar ƙasar Senegal, wanda ya fito da Faransanci a 1979 da sunan La Grève des bàttu. Bàttu da harshen Wolof ƙoƙon bara ke nan, sunan littafin kuma yana nufin yajin aikin masu ƙoƙo. A nan Turawa sun riga sun tafi, 'yan ƙasa ke mulki. Amma hukuma ta ga mabarata suna ɓata wa Turawa 'yan yawon buɗe ido rai, su kuwa kuɗi suke kawowa. Sai aka ba Mour Ndiaye, shugaban hukumar tsabtace birni, umarnin ya share su. Mu lura da wannan: hukumar tsabta aka ba aikin, wato an ajiye mutane a layi ɗaya da bola. Mataimakinsa Keba Dabo ya yi aikin ba sani ba sabo, da duka da kamu da kaiwa can nesa a zubar.

Da wuya ta yi wuya, mabaratan suka taru a gidan wata mata, Salla Niang, a bayan gari, suka yanke shawarar ba za su ƙara fita bara ba. Duk mai son ba da sadaka ya tako ya same su. Makahon cikinsu, Nguirane Sarr, shi ya fara fahimtar da su cewa masu bayarwa ba don su suke bayarwa ba, don biyan buƙatun kansu ne. Nan da nan gari ya rikice: mai mafarki, da mai neman haihuwa, da mai neman ƙarin girma, kowa ya rasa inda zai kai sadakar da malaminsa ya ce ya fitar.

Shi Mour kujerar mataimakin shugaban ƙasa yake hari. Wani malami ya ce masa ya yanka sa, ya kasa naman kashi 77, ya raba wa mabarata a kan titunan birni, gabas da yamma, kudu da arewa. Titunan kuwa shi ya share su da hannunsa. Ya je gidan Salla Niang yana roƙo su koma wuraren zamansu ko da na yini ɗaya. Aka karɓi abin da ya kawo, aka ce masa ya je ana zuwa. Ba wanda ya fita. Kujerar kuma wani aka ba.

Abin dariya ne, amma dariyar da ke tsaya wa mutum a wuya. Littafin ya nuna cewa Bature ya tafi amma ya bar idonsa, magadansa suna duban birninsu da idon baƙo, suna jin kunyar 'yan'uwansu. Ya kuma nuna wa ke buƙatar wa. Mutanen teburin mai shayin nan biyu, mai jin kunya da mai neman lada, duk suna cikin Mour Ndiaye shi kaɗai. Da safe shi ne mai kora, da dare shi ne mai nema.

Ƙafar Githua

To, amma kada mu ɗauki marubutan nan mu ɗora a kai kamar ba su da nasu laifin. Masu nazari sun daɗe suna yi musu wata tambaya. Ato Quayson, wani farfesa ɗan Ghana, ya rubuta littafi guda a 2007 mai suna Aesthetic Nervousness, inda ya nuna cewa labari da kansa yakan yi tuntuɓe in naƙasasshe ya shigo cikinsa, kamar dai yadda mai lafiya yakan rasa inda zai sa idonsa in ya haɗu da shi a hanya. Hanya mafi sauƙi ta fita daga wannan tsarguwa ita ce a mai da mutumin alama. Gurgu ya zama ƙasar da aka gurgunta. Bebe ya zama al'ummar da aka hana magana. A littafin Salman Rushdie, Midnight's Children, na 1981, an haifi Saleem Sinai daidai tsakar daren da Indiya ta sami 'yanci a watan Agustan 1947, jikinsa kuma yana tsattsagewa kamar yadda ƙasar take tsattsagewa. Dabara ce mai kyau a rubutu. Amma gurgu na gaske da ya karanta irin wannan yana da damar ya ce, "Ni fa ba Nijeriya ba ne. Ni mutum ne, kuma matsalata yau ita ce matakalar ofishin nan da ba zan iya hawa ba."

Mu ma haka harshenmu yake. Gurguwar shawara, makauniyar biyayya, tattalin arziki ya gurgunce, shugabanni sun kurmance. Duk abin da ya lalace sai mun aro masa suna daga jikin waɗannan bayin Allah. Yanzu a rediyo an koma cewa masu buƙata ta musamman, kuma madalla da haka, sai dai canza suna bai canza wa kowa wurin zama ba.

Ngugi da kansa ya hango wannan tarko. A cikin Ƙwayar Alkama akwai wani mai ƙafa ɗaya, Githua, wanda yake yawo yana ba da labarin cewa harsashin Bature ne ya cinye masa ƙafa wajen yaƙin neman 'yanci. Mutane suna jinjina masa. Daga baya wani tsohon mayaƙi ya tona cewa ƙarya ce, haɗarin mota ne. Da sauƙi a ce Githua maƙaryaci ne a wuce. Amma me ya kai shi yin ƙaryar? Ya gane cewa a kasuwar mutane ƙafar da aka rasa a yaƙi tana da daraja, wadda aka rasa a mota ba ta da ita, alhali tafiyar da sanda iri ɗaya ce, yunwar ma iri ɗaya ce. Jama'a ne suka koya masa cewa sai jikinsa ya ba da labarin da suke son ji kafin su dube shi.

Nan ne muka ga iyakar ɗora wa mulkin mallaka komai. Yawancin makafi da guragun da ke unguwar nan an haife su bayan 1960. Ƙyanda ce, shan inna ce, sanƙarau ne, haɗarin babur ne, haihuwa ce ta zo da gardama ba asibiti kusa. In sai an iya jingina lalurar mutum ga Bature kafin ta zama abin magana, to mun yi masa abin da aka yi wa Githua.

Wani lokacin ma laifin namu da na waje a cuɗe suke. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani, Trovan, a wani gwaji da ya ƙunshi yara wajen 200. Yara 11 suka rasu, waɗansu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta jawo, iyaye suka ce ba a yi musu bayani yadda ya kamata ba, aka yi ta shari'a har aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Zargin da wannan ya bari yana cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a waɗansu jihohin Arewa a 2003. Kafin Kano ta komo a 2004 cutar ta sake bazuwa, har ta tsallaka iyaka. Tsoron yana da dalili. Amma yaran da suka rasa ƙafafu a tsakanin nan namu ne, shawarar kuma mu muka yanke ta. Yaron da ke jan gindi a ƙasa yau bai damu da wa ya ci gardamar ba.

Baƙon da ya nemi gona

Akwai marubutan da suka bar naƙasasshe ya buɗe baki ya faɗi abin da ba a zata ba, kuma su ne suka fi kusa da amsar tambayarmu. Ɗaya daga cikinsu maƙwabcinmu ne. Wole Soyinka, wanda ya yi karatu a jami'ar nan ta Badun, ya rubuta wasan kwaikwayo mai suna The Swamp Dwellers a 1958, ana gab da samun 'yanci, aka kuma nuna shi a nan garin a 1959. A ciki wani makaho Musulmi daga Arewa, daga wani gari da marubucin ya kira Bukanji, ya bi kogi da ƙafa har ya iso ƙasar fadama a kudu, ya tsaya a ƙofar wani dattijo, Makuri. Kowa ya ɗauka sadaka ya zo nema. Shi kuwa gona ya roƙa. Ya ba da labarin yadda fari ya daɗe a garinsu, da ruwa ya sauka har mabarata suka ajiye ƙoƙo suka kama fartanya, sai fara ta zo ta cinye amfanin. Tun da hannunsa ya ɗanɗani ƙasa, ba ya son ya koma miƙa shi. Ko yankin laka ne a ba shi ya gyara. Aka ce masa ba zai yiwu ba, fadamar ta abin bautarsu ce.

Shekara fiye da 60 ke nan da wani Bayarabe ya dubi makahonmu ya ga manomi. Mu da muke kwana unguwa ɗaya da shi, me muke gani?

Na biyu daga Indiya yake. A daren 2 ga Disamba 1984 iskar guba ta tsiyaye daga masana'antar maganin ƙwari ta kamfanin Union Carbide na Amurka a birnin Bhopal, dubban mutane suka mutu, waɗansu dubbai suka naƙasa. A kan wannan Indra Sinha ya gina littafinsa Animal's People na 2007. Mai ba da labarin saurayi ne da gubar ta tanƙwara wa baya har yana tafiya da hannuwa da ƙafafu, yara suka sa masa suna Dabba, shi kuma ya karɓi sunan ya riƙe. Ba waliyyi ba ne: yana da zagi, yana da kishi, yana da wayo, yana yi wa 'yan jaridar da ke zuwa ɗaukar labarin wahalarsu ba'a. A ƙarshe an sami damar kai shi Amurka a yi masa aiki ya miƙe. Ya zauna ya yi lissafi: in an yi aikin, da sanduna zai riƙa tafiya ko keken guragu, lungunan unguwarsu kuwa ba sa biyuwa da keke, alhali yanzu yana gudu yana hawa. Ya ce a bar shi yadda yake. Kuɗin da ya daɗe yana tarawa kuma ya yi niyyar fanso wata yarinya daga gidan karuwai da su.

Mai karatu yana iya cewa ya yi wauta. Ba komai, ra'ayi riga. Abin lura shi ne shi ya yanke, da dalilansa, da sanin unguwarsa. To, amsar tambayarmu ke nan a ganinmu. Ba laifi ba ne jikin mutum ya zama shaida a kan zaluncin da aka yi, don in an ɓoye tabo an ɓoye wanda ya yi yankan. Laifin yana farawa ne daga inda aka karɓi shaidar jikin aka sallami mai jikin. Ma'aunin kuwa mai sauƙi ne: a cikin labarin nan, ko a cikin sadakar nan, ko a cikin shirin gwamnatin nan, yana da damar ya ce a'a a saurare shi?

Mu dawo gida

Ba daga littafin Turawa za mu fara koyon wannan ba. Kowane ɗan makarantar allo ya san surar da ta sauka a kan Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon da ya zo neman ilimi ana cikin ganawa da manyan Ƙuraishawa. Daga baya shi ne ladani tare da Bilal, kuma an sha barin Madina a hannunsa in an fita. Amana aka ba shi, da muƙami. A ƙasar Hausa ma Aliyu Namangi na Zariya makaho ne tun yana yaro, amma Imfirajinsa ya shiga kowane gida, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa.

Unguwar nan kuma tana da nata tsarin. An kafa Sabo a 1916, kuma da Abner Cohen ya zauna da iyayenmu a farkon shekarun 1960 ya rubuta littafinsa da ya fito a 1969, bayan harkar goro da ta shanu ya yi bayanin yadda makafi da guragu da kutare kowanne yake da sarkinsa, masu saukar da baƙo su kuma raba gardama. Wannan abin alfahari ne ta wani gefe, don ya nuna mun san su jama'a ne masu shugabanci da baki. Ta ɗaya gefen kuma tsarin ya tsaya a kan sana'a ɗaya tak. Mun ba su sarauta, mun kuma yanke musu cewa iyakar masarautar bakin titi ne.

A watan Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a Nijeriya. Ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara yadda kowa zai iya shiga, ta kuma ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Wa'adin ya cika ya wuce. Kafin mu nuna wa gwamnati yatsa, mu ƙirga matakalan masallatanmu da na makarantun Islamiyyarmu. Buhun siminti nawa zai ci a yi gangaren da keke zai hau? Wanda ya sha ba mu lada a ƙofar masallaci, ya kamata a ce yana iya shiga sahu ba sai an ɗauke shi kamar kaya ba.

Sauran abubuwan ma ba su fi ƙarfinmu ba. In manyan unguwa za su je ganawa da hukuma a kan mabarata, a tafi da sarkin makafi da na guragu, su yi magana da bakinsu, kada a je a yanko musu hukunci a kawo musu labari. Masu gida da ke ɗaukar yara a harkar goro da shanu su tuna dillanci da baki ake yi da riƙon amana, lissafi kuma da ƙwaƙwalwa. Gyaran waya, da ɗinki, da tsaron shago, babu wanda ake yi da gudu. Sai kuma ɗan jagora, yaron nan ko yarinyar nan da ke riƙe da sanda tun asuba har magariba, sa'o'insu suna aji. Idonsa lafiya lau, amma mun bar shi ya gaji bara. In unguwa ta ɗauki nauyin karatunsa, ta kuma samar wa uban abin da zai rage masa yawon, an tsinke igiyar daga nan. Rigakafi kuma in ya zo, a fito da yara. Tun watan Agustan 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna mai yaɗuwa da kanta, kada sakacinmu ya buɗe wa wata ƙofa.

Ba mu ce kowa zai bar bara gobe ba. Akwai tsofaffi da marasa lafiyar da ba su da wata hanya, kuma haƙƙinsu yana wuyanmu ko sun fito titi ko ba su fito ba. Akwai ma wanda za a yi wa tayin sana'a ya ce shi ya fi son inda yake. Sai a ji dalilinsa, wataƙila ya san wani abu game da kasuwar nan da mu ba mu sani ba.

Gobe da safe in mun zo wucewa, mu ɗan tsaya. A yi sallama, a gaisa, a tambayi suna da gari kamar yadda ake yi wa kowane baƙo da ya sauka a Sabo. A kuma shirya jin abin da ba lalle ya yi mana daɗi ba, don mutumin da ya shekara goma yana zaune a wuri ɗaya yana sauraren takunmu ya san mu fiye da yadda muka san shi.

Allah ya sa mu gyara, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.